Tsatsa ta cinye jikin 504 ɗina: in gyara ko in haƙura in nemi wata?

Baban_Hafsa_Agege
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Shawara nake nema, kuma ina roƙon masu sani su faɗa mini tsakani da Allah.

Ina da Peugeot 504 salun, haɗin Kaduna, tun 2001 take hannuna. A Zariya na saye ta wajen wani dattijo da ya yi ritaya, daga baya sana'a ta kawo ni Legas na taho da ita. Inji har gobe lafiya ƙalau, ba hayaƙi, ba ta shan baƙin mai, mukulli ɗaya take tashi. Jikin ne ya gaji. Tsatsa ta ci wajen ƙafar direba har ana hango kwalta, ta ci gindin ƙofofin baya, ta ci mazaunin batir. Makon jiya taya ta yi faci a hanyar Ikorodu, na sa jak, maimakon motar ta ɗaga sai kan jak ɗin ya huda ƙarfen ya shige ciki.

Mai gyaran jiki ya ce zai yanke ya yi walda. Makanikena kuma ya ce in haƙura haka nan. Mu bakwai ne a gida, duk sallah da ita muke zuwa Zariya. Abin da na tara bai wuce miliyan bakwai ba. Shin gyaran yana da amfani? In babu, wace mota ce za ta maye mini gurbinta?

Garba_Direba
Wa alaikumus salam. Alhaji kada ka kuskura ka rabu da ita. Motar da inji ke da lafiya ai ba ta mutu ba. Ƙarfe ne, a yanke a liƙa wani. Fijo irin wannan ba a sake yin ta ba.

Usta_Panteka
Malam Garba, a yi haƙuri, maganar ba ta kai nan ba tukuna. Gyaran jikin mota sana'ata ce a nan Panteka ta Kaduna, kuma 504 da ta bi ta hannuna ba ta ƙirguwa.

Alhaji, ramin wajen ƙafa bai dame ni ba. Wannan aikin yini ɗaya ne, a yanko faifan ƙarfe a ɗora. Abin da ya tayar mini da hankali shi ne maganar jak. Wurin da ake sa jak yana kan dogon ƙarfen nan da ya bi ta ƙarƙashin ƙofofi daga gaba zuwa baya, kuma 504 salun ba ta da wani shasi daban a ƙasa kamar Hilux ko babbar mota. Jikin shi ne ƙashin bayanta. In wannan ƙarfen ya ruɓe, motar ba ta da abin da ke riƙe da ita.

Tsatsa kamar gara take a azara, daga ciki take ci, sai ta gama sannan ta leƙo waje. Abin da ido ya gani kaɗan ne. Ka kai ta wajen wankin mota mai rami, ka shiga ƙasa da tocila da sukundireba, ka caccaki wurare uku: saman shok na gaba inda ya haɗu da jiki a cikin bonet, inda ƙafar baya ta kama jiki, da dogon ƙarfen nan na gefe biyu. In sukundireba ta shige a ɗaya daga cikin biyun farko, kada ka sake ɗaukar yara a cikinta. Ka duba bututun man birki ma, shi ma ƙarfe ne, yana tsatsa.

Baban_Hafsa_Agege
Na gode Usta. Gobe in sha Allahu zan shiga ramin da kaina.

Maman_Ilham
Ni dai tambayata, me ya sa motocin Legas suke lalacewa haka? Mahaifinmu yana da irinta a Katsina, tun muna yara, har yau fentinta ne kawai ya koɗe.

Injiniya_Sadiq
Hajiya, iska ce da ruwa. Ƙarfe ba ya tsatsa sai ya haɗu da laima da iska, gishiri kuma yana hanzarta abin sosai. Legas tana bakin teku, iskar tana ɗauke da gishiri, damina ta fi tsawo, ga ambaliya a tituna duk shekara. Mota ta ratsa ruwa, laka ta maƙale a lungunan ƙasa, kafet ya jiƙe, ba wanda zai ɗaga shi ya shanya. A Katsina ko an yi ruwan, kafin la'asar rana ta busar da komai, sannan wata bakwai ko takwas ba ɗigo.

Akwai kuma bambancin zamani. An fara 504 a Faransa a 1968, kamfanin Peugeot na Najeriya, PAN, ya fara haɗa ta a Kaduna a 1975. A wancan lokacin ba a saba lulluɓe ƙarfen jikin mota da sinadarin zinki ba kamar yadda aka koma yi daga baya. Shi ya sa za ka ga 406 da ta daɗe a Legas jikinta bai kai haka lalacewa ba.

Dan_Maradi
Lahiya lau 'yan uwa. Mu nan Maraɗi 504 ba ta mutuwa da tsatsa, sai dai inji ya gaji ko hatsari. Alhaji, ga shawara: ka nemi gangar jiki mai kyau nan arewa wadda injinta ya mutu, ka ɗora naka injin a kai. Akwai su ajiye cikin garejoji, rana kawai ke dukan su. Kuɗin ba zai kai rabin na sabuwar mota ba.

Garba_Direba
Yauwa! Abin da nake nufi ke nan. Allah ya yi maka albarka Ɗan Maraɗi.

Lauya_Bashir
Shawarar tana da kyau a ido, amma a kula. Lambar shasi a jikin gangar take, ba a inji ba. In ka sauya jiki, a wajen hukuma wata motar ce daban. Sai ka karɓi takardun waccan gangar, a yi canjin mallaka yadda ya kamata, a shigar da lambar injinka. In kuma daga Nijar aka ɗauko ta, maganar kwastam ta shigo. Kada wani ya ce maka zai yanke lambar tsohuwar ya liƙa a sabuwar. Laifi ne, kuma ranar da aka tsare ka a shingen bincike ba ka da bakin magana.

Sannan a Legas tun 2022 ba a ba da takardar shaidar lafiyar mota sai an kai ta cibiyar gwaji an duba ta. Motar da ƙasanta ya huje za ta sha wuya a wurin.

Usta_Panteka
Ƙari a kan maganar Lauya: ko an samu gangar, robobin gilashi da na ƙofa da wayoyi duk sun tsufa. Ka kai ta Legas da tsofaffin robobi, ruwa zai riƙa shiga, shekara kaɗan ka dawo inda kake. In a Zariya motar za ta zauna, zan ce a yi. In Legas ce, ban goyi baya ba.

Baban_Hafsa_Agege
Jama'a na dawo daga rami. Saman shok na gaba ɓangaren direba, sukundireba ta shige ba tare da na sa ƙarfi ba. Na ɓangaren fasinja yana ɓarewa kamar ɓawo. Bututun birki na baya ma ya yi ja ya kumbura. Na tsaya a ƙasan motar nan jikina ya yi sanyi, domin da ita na yi tafiyar Zariya da ƙaramar sallah, yara biyar a baya.

Na haƙura. Ba sauƙi, a cikinta na kai mahaifiyata asibiti tafiyarta ta ƙarshe, a cikinta aka ɗauko duk 'ya'yana daga wajen haihuwa. Amma na haƙura. Yanzu a taimaka mini da tambaya ta biyu.

Maman_Ilham
Allah ya jiƙan Hajiya, ya sa Aljanna ce makomarta. Allah ya musanya maka da mafi alheri, Alhaji.

Garba_Direba
Amin. To tunda saman shok ne, na janye. Rai ya fi mota.

Sani_Dila
Alhaji, mutum bakwai da kaya da tafiyar Legas zuwa Zariya, Toyota Sienna ce amsarka. Ta 2004 zuwa 2010. Kujeru layi uku, but mai zurfi, kayan gyaranta tun daga kasuwar Ladipo ta Legas har Ƙofar Ruwa ta Kano ba inda babu. Direbobin haya na dogon zango ba banza suka koma mata ba.

Abu_Yasir
Sienna a wannan tsadar man? Silinda shida ce fa, inji 3.3 ko 3.5. Tun da aka cire tallafi a watan Mayun 2023 lita ta tashi daga ƙasa da naira 200, har ta taɓa haura 1,000. Tafiyar Zariya sau biyu ce a shekara, amma go-sulo na Legas kullum ne. Ya sayi Corolla 2003 zuwa 2008, inji 1.8, sarƙar taimin gare ta ba bel ba, ba ta da fitina. In sallah ta zo manyan yara su hau motar haya.

Maman_Ilham
Malam Abu Yasir, kai ba ka san hankalin uwa ba. A raba yara a hanyar da ta kai kwana guda, wasu a motar haya? Ni dai ba zan yarda ba, kuma na tabbata Maman Hafsa ma haka. Corolla mutum biyar take ɗauka. A cusa bakwai a ciki, biyu ba su da bel. Mun baro haɗari mun koma wani.

Abu_Yasir
Gaskiyarki Hajiya ta wannan fuskar. Amma aljihu ma abin dubawa ne. Motar da za ta kwana a ƙofar gida saboda ba kuɗin mai ba ta amfani kowa ba.

Dan_Zazzau_Toronto
Salam daga Kanada. Tunda tsatsa ce ta kawo mu nan, bari in faɗi abin da nake gani da idona, domin yawancin tokumbon da ake kai wa gida daga wannan yankin suke fitowa.

A nan Ontario, da jihohin Amurka irin su Michigan, Ohio, New York da Pennsylvania, gishiri ake watsa wa tituna duk hunturu don narkar da ƙanƙara. Wata huɗu ko biyar mota tana tafiya cikin ruwan gishiri. Za ka ga mota 'yar shekara goma sha biyu, fenti yana ƙyalli, kujeru tsaf, amma ƙasanta ya fi na 504 ɗin Alhaji lalacewa. Irin waɗannan su ne suke arha a gwanjo, su ne kuma wasu ke lodawa zuwa Afirka. Kafin ta iso kasuwa an fesa mata baƙin fenti a ƙasa.

Game da Sienna da Malam Sani ya ambata, mota ce mai kyau, amma a sani cewa a 2010 kamfanin Toyota da kansa ya kira Sienna kusan 600,000 a Amurka, na jihohin sanyi, saboda gishiri yana cinye wayar ƙarfen da ke riƙe da tayar safaya a ƙasan motar. Ba aibata ta nake ba, ina nuna cewa ko mota mai suna gishiri ba ya ƙyale ta. Abin tambaya shi ne a ina ta yi rayuwarta.

Sani_Dila
Wannan mai sauƙi ne. Ka duba lambar shasi, in ta fara da 2 ta Kanada ce, ka guje ta. In 1 ko 4 ko 5 ce Amurka, J kuma Japan.

Dan_Zazzau_Toronto
A'a Malam Sani, harafin farko yana nuna inda aka ƙera ta ne, ba inda aka hau ta ba. Ana ƙera Corolla a Cambridge ta nan Ontario a kai ta Arizona, ta shekara goma sha biyar ba ta ga gishiri ba. Sienna kuma a Indiana ake ƙera ta, amma tana iya ƙarewa a Toronto. Lambar guda 17 ce, a ɗauke ta duka a nemi tarihin motar a shafin Carfax na intanet ko makamancinsa. Zai nuna jihohin da aka yi mata rajista, da ko ta yi hatsari, da ko ruwa ya taɓa cinye ta. Kuɗin binciken bai kai na cika tanki ba.

Kuma kada a ce ta Texas ce shi ke nan. Ba a cika watsa gishiri a can ba, amma guguwar Harvey a 2017 ta nutsar da motoci masu ɗimbin yawa a Houston, an sayar da su a gwanjo.

Sani_Dila
Na karɓi gyara. Allah ya ƙara sani.

Kaka_Yerwa
Maganar ruwa ta taɓa ni. Ba sai an je Amurka ba. Ambaliyar dam ɗin Alau a watan Satumbar 2024 ta shanye motoci a Maiduguri har rufi, kwanaki suna cikin ruwa. Da yawa an wanke su an busar an fitar da su wasu garuruwa. Duk mai sayen mota ta hannu ya ɗaga kafet ya shinshina, ya duba ƙarafunan da kujera ke gudu a kai, ya jawo bel har ƙarshensa ya ga ko akwai layin laka. Motar da ruwa ya ci ba ta nuna halinta sai bayan watanni, wayoyi su fara rikicewa ɗaya bayan ɗaya.

Alhaji_Kumasi
Gaisuwa daga Kumasi. Mu nan a Suame Magazine, unguwar makanikai, ba abin da ba a tayarwa. 504 da ta fi wannan mutuwa an sake mata jiki ta koma hanya. Amma gaskiya masu yin haka yawanci don kaya ne a hanyar ƙauye, ba don iyali a babban titi ba. Ni tambayata daban: ba wanda ya ambaci 406 wagon. Mutumin da ya saba da Peugeot, makanikensa ma na Peugeot ne, me zai kai shi Toyota?

Usta_Panteka
406 mota ce, jikinta yana jure tsatsa, kuma tafiyar dogon zango ba ta da na biyu a kuɗinta. Amma a tuna ita ma ta tsufa. An daina ta a Turai tun 2004, Kaduna ta ci gaba da ita 'yan shekaru bayan nan. Wadda za ka samu yau ta bi hannu uku ko huɗu. Kuma makaniken 504 ba lallai ya iya 406 ba: waccan kafireto ce da jan baya, wannan injekta ce da jan gaba da wayoyi da yawa. Wagon ɗin ma mafi yawansu kujera biyar ne, mai bakwai sai an tona.

Garba_Direba
To Volkswagen Sharan fa? Mu da muke Kano zuwa Abuja ita muke ci da ita. Bakwai cif, silinda huɗu, giyar hannu, mai daidai.

Abu_Yasir
Samun Sharan da ba ta yi haya ba shi ne aikin. Ku ne kuka gama da su, Malam Garba.

Garba_Direba
Akwai na gida, sai dai a yi haƙurin nema. Ta wajen ma'aikata da 'yan kasuwa ake samu, ba a tasha ba.

Sani_Dila
Bari in faɗi gaskiyar kasuwa, ko da ba za ta yi daɗi ba. A Janairun 2017 aka hana shigo da mota ta kan iyakar ƙasa, sai ta tashar ruwa. A 2022 kwastam suka koma kimanta kuɗin fito da lambar shasi, tsofaffin motoci suka ƙara tsada. Dala kuma ta haura 1,500 a 2024. Da miliyan bakwai, tokumbo mai kujera bakwai da cikakken diyuti zai yi wuya. Ta hannu ce daidai kuɗinka, Alhaji. Kuma in ta hannu ce, ka hau mota ka zo arewa ka saya. Motar da ta shekara takwas a Kano ko Sakkwato ƙasanta ya fi na wadda ta sauka jiya daga jirgi. Ka tabbatar da takardar kwastam kafin ka biya ko sisi. In an ce maka 'yar Kwatano ce mai arha, ka tambayi ta ina ta shigo.

Dan_Maradi
Mu ma nan tun da aka rufe iyakar Benin a 2023 motocin sai sun zagayo ta Lome da Burkina, kuɗi ya hau. Ba arha ko'ina yanzu.

Injiniya_Sadiq
Kan matsalar mai da Abu Yasir ya kawo, akwai mayar da mota gas na CNG, kuma a Legas da Abuja da Kaduna ana samun wuraren sha. Sai dai tukunyar tana da nauyi kuma tana cin but, mai iyali bakwai ya yi lissafi. Sannan dole ƙasan motar ya zama lafiyayye kafin a ɗaure ta a kai.

Malam_Nura
Ina so in ja hankali kan abin da ba a taɓo ba: ita tsohuwar ya za a yi da ita? Na san abin da wasu za su ce, a shafe ramukan da bodi fila, a fesa fenti, a kai kasuwa. Alhaji, kada ka yi. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce wanda ya ha'ince mu ba ya cikinmu. Wanda zai saye ta shi ma iyali zai ɗauka. In za ka sayar, ka nuna aibin da hannunka, ko ka sayar da ita a matsayin kayan gyara.

Baban_Hafsa_Agege
Malam, wallahi ban taɓa kawo haka a raina ba. Wani ya riga ya taya ta a haka, ya ce zai gyara ya sa ta haya zuwa Ibadan. Na hana shi.

Usta_Panteka
Ka kyauta. Kuma kada ka ba 'yan gwangwan ita ɗungurum, a kilo za su auna. Ka sa a sauke inji da giyabos da aksul na baya da lagireto da fitilu da gilasai, a sayar daban. Masu 504 fikof a ƙauyuka suna neman injin nan ido rufe. Gangar kaɗai za ka ba su.

Wadda za ka saya kuma, ka je da ɗan maganaɗisu. Ka bi gindin ƙofofi da bakin tayoyi da shi, inda ya ƙi kamawa fila ce a ƙasan fentin. Duk motar da ka ga an fesa wa ƙasanta sabon baƙin fenti, ka tambayi me ake ɓoyewa.

Garba_Direba
In ka saya, duk wata shida ka sa a fesa mata tsohon baƙin mai a ƙasa. Haka iyayen gidanmu suke yi, tsatsa ba ta kusantar ta.

Injiniya_Sadiq
Yana hana tsatsa, ban musa ba, amma yana kumbura robobin ƙafa da tiyon birki, ga ƙura da yake tarawa. Akwai man kariya da aka yi don wannan aikin, mai kauri kamar kakin zuma, ana samu a Ladipo. Abin da ya fi komai a Legas shi ne wanke ƙasan da ruwa mai ƙarfi bayan an ratsa ambaliya, da buɗe ƙananan ramukan da ruwa ke fita a gindin ƙofofi, da ɗaga kafet in ya jiƙe.

Garba_Direba
Injiniya, mu dai mun ga amfaninsa tun kafin a kawo na gwangwani. Sai dai a kauce wa robobin.

Baban_Hafsa_Agege
Allah ya saka wa kowa da alheri. Inda nake yanzu: uwargida tana kan Sienna, ni zuciyata tana kan Sharan saboda mai da giyar hannu da na saba da ita. Ƙanina a Zariya ya ce akwai Sienna 2006 ta wani malamin makaranta da zai sayar, ba ta taɓa zama kudu ba, amma bai san daga wace jiha ta Amurka ta zo ba. Na ce ya turo mini lambar shasin.

Dan_Zazzau_Toronto
Ka turo mini ita ta akwatin sirri in duba maka. Ta 2006 inji 3.3 ce, bel gare ta ba sarƙa ba, ka tambayi yaushe aka canza shi.

Abu_Yasir
Ni dai ina nan kan bakana, ka lissafa man wata guda na kowacce a takarda kafin ka yanke.

Dan_Maradi
Alhaji, injin 504 ɗin nawa za ka bar shi? Akwai mai fikof nan Tasawa da ke nema, in giyabos ɗin mai biyar ne ya ce zai haɗa duka.